Injin ɓare gungume: yadda yake aiki, da abin da ya sa kwarin Rima bai kai gare shi ba

Injin ɓare gungume na'ura ce da masana'antun katako da na takarda ke amfani da ita wajen raba ɓawo da jikin itace kafin a tsaga shi ko a niƙa shi. Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne kankare ɓawon daga jikin gungumen. Na biyu shi ne tsame ɓawon da ya saki daga cikin gungumen da ke wucewa, don kada ya bi su zuwa bakin zarto. A Birnin Kebbi da Argungu da sauran garuruwan kwarin Rima, gatari da gizago ne ke wannan aiki har yau. Dalilin haka yana da alaƙa da yadda ake tafiyar da dazuka a jihar da ma Najeriya baki ɗaya.

Dalilin cire ɓawo

A yawancin itatuwan katako, ɓawo kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na girman gungume. Yana riƙe yashi da tsakuwa, musamman idan an ja gungumen a ƙasa, kuma waɗannan su ke dakushe haƙoran zarto. A masana'antar takarda ɓarnarsa ta fi haka: zarensa ba shi da ƙwari, yana shan sinadarai da yawa, sannan yana barin ɗigo-ɗigon baƙi a jikin farar takarda. Masu yin falwaya da dirkoki kuwa dole su ɓare itacen kafin su jiƙa shi da maganin gara, domin ɓawo na hana magani ratsawa. Ƙwari masu huda itace ma a ƙarƙashin ɓawo suke yin ƙwai.

Tsakanin ɓawo da itace akwai wani siririn shimfiɗi mai danshi da masana tsirrai ke kira kambiyom, wanda daga gare shi bishiya ke ƙara kauri. Nan ne ɓawo ke rabuwa da itace. Da damina, lokacin da ruwa ke gudana a jikin bishiya, ɓawo na saki cikin sauƙi. Da rani, ko bayan gungume ya fara bushewa, sai ya manne. Kowane irin inji an ƙera shi ne don ya fasa wannan shimfiɗi ba tare da ya ci naman itacen ba.

Ire-iren injinan

Mafi girma shi ne mai ganga. Ƙatuwar gangar ƙarfe ce a kwance, faɗinta kan kai mita 4 zuwa 5, tsawonta kuma kan wuce mita 20. Ana zuba gungume da yawa a ciki tana juyawa, suna gogar juna da jikin gangar har ɓawon ya saɓule ya zube ta tsagogin da aka bari a jikinta. Shi ne injin masana'antun takarda, domin yana cin ƙananan itatuwa da karkatattu masu ɗimbin yawa a lokaci guda.

Na biyu shi ne mai zobe. Gungume ɗaya ne ke ratsa tsakiyar wani zobe mai juyawa, wanda ke ɗauke da hannuwan ƙarfe da ke danna jikin itacen suna kankare shi. Samfurin da ya fi shahara, mai suna Cambio, an ƙirƙiro shi ne a ƙasar Suwidin a shekarun 1950. Ya fi dacewa da miƙaƙƙun itatuwa masu kauri kusan ɗaya, irin waɗanda ake samu a gandun da aka shuka.

Na uku shi ne mai kan haƙora, inda gungume ke juyawa a wuri ɗaya, wani kai mai haƙora yana bin tsawonsa yana fere shi. Ba shi da sauri, amma yana iya wa manyan itatuwa masu ƙulli da kaurin ɓawo. Akwai kuma mai sarƙa, wanda ke dukan itacen da sarƙoƙi masu juyawa, ana iya jan sa zuwa cikin daji. An taɓa yayin mai feshin ruwa da ƙarfi, sai dai yawan ruwan da yake ci da dattin da yake fitarwa sun sa masana'antu da dama sun bar shi.

Tsame ɓawon da ya saki

Gungumen da ya fito daga ganga bai gama tsarkaka ba. Guntayen ɓawo kan biyo shi, wasu a kwance a kansa, wasu a maƙale tsakanin itace da itace. Saboda haka ake bi da shi ta kan jerin rola masu juyawa waɗanda aka bar tazara a tsakaninsu. Wasu rolar suna da ƙusoshi ko haƙora da ke girgiza gungumen, ana kuma bambanta saurinsu don itatuwan su ware da juna. Ɓawon sai ya faɗa ta tazarar zuwa wani bel da ke ƙasa, gungumen kuma ya wuce. A nan ne ake fesa ruwa don wanke yashi, a sa ramin da ke kama duwatsu, da na'urar da ke gano ƙarfe kafin itacen ya isa wuƙaƙen niƙa.

Wannan mataki ya fi wuya ga bishiyar turare, wadda aka shuka da yawa a Arewa. Ɓawonta na fita ne a dogayen zare kamar igiya, yana naɗe rola yana toshe tsagogi. Masana'antun da ke sarrafa ta a Brazil da Afirka ta Kudu sukan ɓare ta tun a gona, ko su tanadi rola na musamman.

Ɓawon da aka tara ba shara ba ne. Ana niƙa shi, a matse ruwansa, a ƙona shi a tukunyar tururi don samar da zafi da lantarki ga masana'antar kanta. Ana kuma yin taki da shi, ana shimfiɗa shi a gindin dashe don riƙe danshi, wasu nau'o'in kuma ana tatsar sinadarin jima daga cikinsu.

Inda Najeriya ta gwada

Gwamnatin tarayya ta kafa manyan masana'antun takarda uku: ta Jebba a bakin kogin Neja, wadda ta fara aiki a 1969, da ta Oku Iboku a jihar Akwa Ibom ta yanzu, wadda aka buɗe a 1986 don takardar jarida, da ta Iwopin a jihar Ogun, wadda ba ta taɓa kai ƙarfin da aka tsara mata ba. An shuka gandayen bishiyar malaina domin ciyar da su. Zuwa shekarun 1990 duka ukun sun durƙushe saboda ƙarancin kuɗin waje na sayo kayan gyara da zare mai tsawo, da kuma sakacin gudanarwa. Daga baya an sayar da su ga 'yan kasuwa. Da faɗuwarsu Najeriya ta rasa babban mai sayen da zai sa a riƙa shuka itace don sarewa bisa tsari, ƙasar kuma ta koma shigo da mafi yawan takardar da take amfani da ita.

Yadda ake yi a kwarin Rima

Arewacin jihar Kebbi, inda Birnin Kebbi da Argungu suke, ƙasar sarari ce mai bishiyoyi jefi-jefi: gawo, kuka, tsamiya, bagaruwa, da dogon yaro a cikin gari. Dajin ya fi kauri a kudu, wajen Zuru da Yauri. Katakon da kafintoci da masu rufin kwano ke saye a kasuwa mafi yawansa daga kudancin ƙasar da tsakiyarta ake kawo shi a tsage, ɓawonsa ya riga ya zube a inda aka sare shi.

Itacen da ake sarrafawa a gida kuwa yana hannun masassaƙa, masu yin turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya. A da, masuntan Kabi kan sassaƙa kwale-kwale daga gungume guda. Yanzu da manyan bishiyoyi suka yi ƙaranci, yawancin jiragen da ake gani a kogi da falankai ake haɗa su. Azarar rufin soro daga giginya take, ita kuwa giginya ba ta da ɓawo irin na sauran itatuwa, tsaga ta ake yi a cire lallausan cikinta a bar ƙaƙƙarfan bayan.

Babban bambanci shi ne, a nan ɓawo kansa haja ne, kuma sau da yawa daga bishiya mai rai ake ɗibarsa. Masu maganin gargajiya na sassaƙar maɗaci da marke da ƙirya, masu igiya na ɓare kuka. Kuka tana iya mayar da ɓawonta. Yawancin itatuwa ba sa iyawa idan an zagaye su da sara, domin ta cikin ɓawo ne abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa. Bishiyar da aka yi wa zobe takan mutu a tsaye, ta bushe, sannan ta zama itacen wuta ko gawayi. Wannan hanya ce da wasu ke bi don kauce wa dokar hana saran ɗanyen itace: a kashe bishiya a hankali, a dawo a ce busasshiya aka tarar.

Darasin madobiya

A shekarun 2010 buƙatar madobiya a China, inda ake yin kujerun alfarma da ita, ta jawo sara mai yawa a Najeriya, musamman a Kogi da Taraba da Adamawa. Jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta fitarwa ya haɗa da katako, tsagagge ko wanda ba a tsaga ba. Duk da haka masu sara kan fere gefe huɗu na gungume da injin zarto tun a daji, su zubar da ɓawo da farin naman itacen, su cika kwantena da jar zuciyar. A taron yarjejeniyar CITES na Johannesburg a 2016 an sa madobiya cikin rukuni na biyu na abubuwan da sai da izini ake cinikinsu, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. A Nuwamban 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoton da ya yi zargin cewa an halasta gungume sama da miliyan 1.4 da takardun izinin da aka sa wa hannu bayan kayan sun bar ƙasar. Ministar muhalli ta lokacin, Amina Mohammed, ta musanta aikata ba daidai ba. A 2018 CITES ta ba da shawarar dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya.

Masana'anta tana da mazauni da rajista, ana iya ƙirga gungumen da ya shiga ƙofarta. Itacen da aka fere a daji ba ya barin lissafi, kuma kusan duk abin da aka fere yakan tafi a banza.

Dokar ɓawo a cinikin duniya

Masu fitar da kaya waje ma batun ya shafe su. A 1996 an gano wani ƙwaro ɗan asalin Asiya yana kashe bishiyoyi a New York, kuma an danganta shigarsa da katakon ɗaurin kaya. A 2002 ƙasashe suka amince da ƙa'idar ISPM 15 a ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka sabunta ta a 2009. Ƙa'idar ta ce akwatuna da dandamalin katako da ake jera kaya a kai dole a yi su da itacen da aka ɓare. Guntun ɓawon da ya rage kada faɗinsa ya kai santimita 3, in kuwa ya wuce, kada girmansa ya kai murabba'in santimita 50. Sannan a gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa turaren magani, a buga masa hatimi. A Najeriya hukumar killace kayan gona ta NAQS ce ke lura da wannan. Ɗan kasuwar da ya ɗora riɗi ko zoɓo a kan katakon da ba shi da hatimi na iya ganin an tsare kayansa a tashar jirgin ruwa ta waje.

Abin da ya kamata ya riga inji

Kebbi ta san yadda masana'anta ke bin amfanin gona. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a jihar, a Agustan 2017 kuma aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu, ga na Labana a Birnin Kebbi. Injinan sun zauna ne saboda akwai fadamar da ke ba su shinkafa kowace shekara. Itace ba haka yake ba. Turare na ɗaukar shekara 7 zuwa 10 kafin ya isa falwaya, maɗaci kuwa sai an yi shekaru gommai. Injin da aka kafa ba tare da gandun da aka shuka dominsa ba, bishiyoyin gona da na gandun gwamnati zai ci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kebbi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015. Tana kuma cikin jihohin Arewa 19 na shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disamban 2021. Waɗannan shirye-shirye na kare ƙasa daga hamada ne. Gandun kasuwanci yana buƙatar nasa filin da nasa lissafin, da kuma zaɓen wuri, tunda turare na shan ruwa sosai kuma bai dace da gefen fadamar shinkafa ba.

Kula da gandayen daji da ba da izinin sara suna hannun gwamnatin jiha. Saboda haka a Birnin Kebbi, a ma'aikatar muhalli da majalisar dokokin jiha, ake neman amsar waɗannan tambayoyi: gandayen gwamnati nawa suka rage da iyakokinsu, izinin sara nawa aka bayar a shekara da kuɗin da ya shiga asusu, dashe nawa ya rayu bayan damina uku, da kuma ko doka na hukunta yi wa bishiya zobe kamar yadda take hukunta sare ta.