Sapele: Garin da Katako Ya Gina

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Benin, Abraka, Effurun da Warri.

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Benin zuwa Warri ya san shataletalen Amukpe. Nan direba kan tsaya ya sauke fasinja, masu talla su yi wa mota caa, sannan a wuce. Yawancinmu iyakar saninmu da Sapele ke nan. Mutum zai yi shekara huɗu ko biyar yana bin hanyar, bai taɓa karkatawa ya shiga cikin garin ba. Alhali kuwa akwai lokacin da manyan jiragen ruwa daga Turai ke shigowa har bakin kogin garin nan suna lodi, kuma har gobe akwai katakon da duniya ke kira da sunansa. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, labarin ya shafe mu fiye da yadda muke zato, musamman mu masu karatun harkar mai.

Mu fara da wurin da garin yake. Sapele na zaune ne inda kogin Ethiope da kogin Jamieson suka haɗu suka zama kogin Benin, wanda ya gangara har teku. 'Yan Abraka, wannan Ethiope ɗin dai shi ne wanda ake zuwa wanka a garinku. Ta gefen teku fadamu ne da ƙananan rafuffuka da suka sarƙe da juna, ta gefen Benin kuma a da kurmi ne baƙi ƙirin. Ƙasar mutanen Okpe ce, wani ɓangare na Urhobo, kuma sarkinsu Orodje yana zaune a Orerokpe. Sunan ma daga Urhiapele Turawa suka lanƙwasa shi ya koma Sapele. Abu biyu suka ɗaga wurin: kogi mai zurfin da jirgin teku zai iya shigowa, da daji mai manyan itatuwa a bayansa.

Kafin Turawa su samu yadda suke so, mutum biyu ne suka tare musu gaba. Na farko Nana Olomu, hamshaƙin ɗan kasuwar Itsekiri, wanda cinikin manja a kogin Benin ke hannunsa. Ba ka sayen manja daga Urhobo sai ta wajensa. Turawan Ingila suka buɗe ofishin mataimakin jakada a Sapele a farkon shekarun 1890, a 1894 kuma suka kai wa Nana yaƙi a garinsa Ebrohimi, suka kama shi suka tura shi gudun hijira Akara. Sai 1906 ya dawo ya zauna a Koko, inda gidansa ya zama gidan tarihi yanzu.

Na biyu Oba Ovonramwen na Benin. A watan Janairun 1897 wani jami'in Ingila mai suna James Phillips ya nufi Benin da tawaga duk da an ce masa ya dakata, aka tare su a hanya aka kashe shi da mafi yawan mutanensa. Wata guda bayan haka Ingila ta turo rundunar da ta ci Benin, aka ƙona birnin, aka kwashe kayan tagullar nan da har yau ake ta fafutukar dawo da su, aka kai Oba Kalaba. A cikin sojojin baƙar fata da suka yi wannan yaƙi akwai waɗanda takardun Turawa ke kira Hausawa. Ba abin alfahari ba ne, amma yana da kyau mu sani cewa sawun mutanenmu a wannan yanki ya girmi zuwanmu jami'a nesa ba kusa ba.

Faɗuwar Benin ita ta buɗe dajin. Gwamnatin mulkin mallaka ta fara yanka wa kamfanonin Turawa manyan filayen kurmi su sare itace. An kuma kawo noman roba, kamfanin Miller Brothers na cikin na farko da suka dasa ta a Sapele. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun robarta, sai robar wannan yanki ta yi daraja sosai. Amma duk da haka katako ne uban tafiya.

Itacen da ake kira sapele ɗan uwan maɗacinmu ne, dangi ɗaya suke. Sai dai shi yakan kai mita 45 ko fiye, gindinsa kuma mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Katakonsa ja ne mai ratsi-ratsi, ana yin ƙofofi da daɓen gida da jiragen ruwa da jikin gita da shi. Ka je shagon katako a Landan ko Amurka ka ce sapele, za a gane ka nan take, ko da mai shagon bai san akwai wani gari mai wannan suna ba. Ban da shi akwai iroko, wanda muke ce wa loko, da obeche da afara.

Yadda ake aikin fa abin mamaki ne. A farko da gatari da zarto ake kayar da itace, majiya ƙarfi su ja gungumen da igiya har bakin rafi. Sai damina ta yi ruwa ya cika, a tura gungumai cikin kogi, a ɗaure su jere kamar tabarma, mutane su kafa 'yar bukka a kai su yi kwanaki suna gangarowa da su. Obeche ba shi da nauyi, yana yawo a saman ruwa. Masu nauyi da ke nutsewa kuwa sai a haɗa su da marasa nauyi su tallafe su. Haka kogin Sapele ke cika maƙil da gungumai suna jiran inji ko jirgi.

A 1929 aka haɗe manyan kamfanonin Turawa aka samu UAC, ƙarƙashin Unilever. Eh, UAC ɗin nan dai da ke sayen gyaɗa a Kano, wadda Alhassan Dantata ya yi hulɗa da ita. Reshenta na katako shi ne African Timber and Plywood, wanda kowa a Sapele ke kira AT&P. Bayan yaƙin duniya na biyu suka gina masana'antar filawud, ta zama ɗaya daga cikin manyan masana'antun Najeriya na lokacin, da dubban ma'aikata. 'Yan injiniya, ku ji yadda ake yi: a turara gungume ya yi laushi, a ɗora shi a inji yana juyawa jikin wata doguwar wuƙa, tana feƙe shi siriri-siriri kamar ana warware bandir ɗin yadi. Sai a busar, a shafa gam, a jera falle kan falle, wannan a tsaye wancan a kwance, a matse da zafi. Wannan saɓa jerin shi ke sa filawud ƙarfi duk da rashin kaurinsa.

Masana'anta ta ja mutane daga ko'ina. Urhobo, Itsekiri, Ijaw, Bini, Ibo, Yarabawa, da namu masu fataucin shanu da goro da kayan miya. Da yake kowa da yarensa, Turancin buroka ya zama harshen gari, shi ya sa har yau in ana maganar gwanayen buroka, Warri da Sapele ake ambata. Turawa kuma suka ware unguwarsu da kulob ɗinsu. Af, gargaɗi ga sababbin zuwa: in aka ce za a ba ka "ruwan Sapele", ba na alwala ba ne. Laƙabin ogogoro ne, barasar da ake dafawa daga bammi.

To me ya faru?

Itacen sapele ko iroko da ya isa sara ya girmi kakan mai saransa. Ma'aikatan gandun daji na wancan zamani sun san haka, shi ya sa suka tsara cewa in an sare wani yanki, ba za a koma masa ba sai bayan shekara 100. Amma gwamnati na son kuɗin shiga, masu lasisi na son riba, sai aka yi ta rage wa'adin. Aka yanka wasu gandun daji aka mai da su gonakin roba da kwakwar manja. Tirakta da zarton inji suka zo, aikin wata guda ya koma na kwana biyu. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 Najeriya, wadda ta yi suna wajen fitar da katako, ta kai ga hana fitar da gungumai waje saboda abin da ya rage bai ishi gida ba.

A daidai lokacin kuma mai ya zo. An same shi a Oloibiri a 1956, kafin a ankara hankalin gwamnati da na matasa ya koma Warri, inda aka buɗe matata a 1978. Tashar jiragen ruwan Sapele ta koma hannun sojan ruwa. AT&P ta yi ta jan ƙafa, ta canza hannu, a ƙarshe injina suka yi shiru. An gina wa garin tashar wutar lantarki ta Ogorode tsakanin 1978 da 1981, mai ƙarfin megawat 1,020 a takarda, amma ta daɗe ba ta ba da ko kusa da haka. Kuma tashar wuta ko rijiyar gas ba sa ɗaukar mutane yadda masana'antar katako ke ɗauka.

Kar ku ɗauka garin ya mutu. Ranar da muka shiga, kasuwa na ci, akwai kamfanin fulawa, akwai ƙananan masu yankan katako a bakin kogi. Sai dai ka dubi gungumen da suke yankawa, ka dubi faɗin filin tsohuwar masana'antar da ciyawa ta rufe, ka san an yi sallama da wani zamani. Mai son ganin irin kurmin da ya gina Sapele, sai ya tafi gandun Okomu, yamma da Benin, inda aka killace ɗan abin da ya tsira.

'Yan Kaduna, na san tun ɗazu Kakuri ke muku yawo a rai. An buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL ta biyo baya, dubban magidanta suka dogara da su, yau sai kango. 'Yan Kano kuma dalar gyaɗa sai a hoto. Dalilan ba iri ɗaya ba ne: na Kaduna akwai matsalar wuta da auduga da yadin fasa-ƙwauri, na gyaɗa akwai fari da cuta da zuwan mai. Amma ciwon ɗaya ne. Gari ya rataya rayuwarsa kan abu guda, aka ci riba lokacin da ake samu, ba a dasa abin da zai gaje shi ba. Na Sapele ma ya fi ciwo ta wata fuskar, domin daji abu ne da ke sake tsirowa in an ba shi lokaci. Lokacin ne aka hana shi.

Mu kuma da yawanmu mai da gas muka zo karantawa, abin da ko an ba shi shekara dubu ba ya tsirowa. Gobe wasunmu ne za su zauna a ofisoshin da ake ba da lasisi, ko a haƙa a Kolmani, ko a ma'adinan Zamfara da Nasarawa. Za a kawo maka takarda a ce ka rage wa'adi, ka ƙara yawan abin da ake ɗiba, ai kowa na yi. Wanda ya san labarin Sapele zai gane takardar in ya gan ta. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu: maimakon duk kuɗin ƙarshen zango ya tafi a walima, a ware Asabar ɗaya a haɗa mota. Daga Effurun ko Benin tafiyar ba ta da nisa. A fara da Koko a ga gidan Nana, a shiga Sapele a tsaya bakin kogi, a yi azahar wajen 'yan uwanmu mazauna garin, a gaishe da dattawansu a tambaye su yadda suka tarar da wurin. A shiga da ladabi, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, kusa da sansanin sojan ruwa kuwa waya ta zauna a aljihu. Maganar wa ke da ƙasar Sapele tsohuwar taƙaddama ce da ta je kotu tun shekarun 1940, baƙo ba ya tsoma baki.

Masu neman abin da za su rubuta a furojet, ga shi nan a ƙofarku. Tsofaffin ma'aikatan AT&P da suka rage sun manyanta, kowace shekara raguwa suke. Wanda zai naɗi labarinsu, yanzu ne.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya mai da mu gida lafiya.