Masu Gyaran Kyamara na Zongon Lome

Kyamarorin fim sun dawo hannun yara, ina kuwa murna da haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda suke kai su gyara. Yaro zai tsinci Pentax K1000 ko Yashica Mat cikin kayan gwanjon da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, ya ga ƙyauren haske na maƙalewa, sai ya miƙa wa mai gyaran waya. Shi kuma ya ɗauko man feshi ya antaya mata. Ranar za ta yi aiki sumul. Kafin wata ya zagayo man ya bi ganyayen ƙyaure, ya hau gilashi, ƙurar hunturu ta zauna a kai. An kashe kyamarar da ta girmi uban yaron.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, da ya ga haka da ya kori mutum daga runfarsa. Shi asalinsa mai gyaran agogo ne a tsohon Zongo, nan tsakiyar gari inda manyan bankuna suke yanzu. Ɗaukar hoto a Lome sana'ar 'yan bakin teku ce tun zamanin su Alex Acolatse, mu Hausawa an fi saninmu da goro da shanu. Amma idan Rolleiflex ta tsaya ana gobe biki, Zongo ake kawo ta, domin abin da ke cikin ƙyauren Compur ɗan'uwan abin da ke cikin agogo ne, kuma hannun da ya saba da hantsaki ne kaɗai ke iya masa.

Ba shi da na'urar awo ko ɗaya. Gudun ƙyaure na ƙasa da kunne yake gwada shi: ya saita daƙiƙa ɗaya, ya kanga kyamarar a kunne, ya danna. Idan kukan ya yi gargada a tsakiya sai ya ce, "Ɗana, datti ne, ba karaya ba. Kawo man laita." Ya wanke, ya bari ya bushe, sannan ya ɗiga man agogo da tsinin allura a kan ƙusoshin juyi kawai. Ganyen ƙyaure ba ya ganin mai har abada.

Gudu na sama kuwa, da talabijin. Wannan ne abin da ya ɓace, kuma shi na fi jin ciwonsa. Tashar talabijin ta Togo ta fara aiki a 1973, ba a daɗe ba maigida ya sayi ƙaramar akwati baƙi da fari, ba don kallo ba. Tsohuwar talabijin tana zana hotonta ne daga sama zuwa ƙasa sau 50 a daƙiƙa. Sai ya cire gilashin Zenit ko Pentax, ya buɗe bayanta, ya auna allon, ya leƙa ta ciki ya danna. Abin da ido zai kama zara ce ta haske a karkace. Kowane mataki ka ƙara gudu, zarar ta sirance. In ta fito gefe ɗaya da faɗi gefe ɗaya a tsuke, labule ɗaya ya fi ɗan'uwansa sauri, sai a ja sifirin. Muna jiran a buɗe tasha da yamma, kyamarori a jere kan tabarma. Talabijin ta bango ta yanzu ba ta yin wannan aiki.

Da aka rushe Zongo a 1977 aka kwashe mu zuwa wajen Togblekope, kilomita goma sha wani abu arewa da gari, masu hoto ba su bi mu ba. Dole ya kama ɗan benci kusa da kasuwar Asigame, kullum mu shigo mu koma. Daga baya benen otal ɗin 2 Février ya zama ma'auninmu na nesa: a shimfiɗa takarda mai shara-shara a gurbin fim, a juya gilashi ƙarshe, in tagogin benen ba su fito tas ba, da sauran aiki. Gilashi kuwa a garin nan fumfuna ce ajalinsa, saboda raɓar teku. Yakan ce wa masu hoto su daina kulle kyamara cikin jakar fata, su riƙa nuna mata rana.

Karyewar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin kayan gyara, muka koma cin gawa: kyamara uku matattu su tayar da ɗaya. Dijital ta ƙarasa abin da ya rage, yaran da aka yaye suka koma waya da kwamfuta. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema. Laifin da nake gani na wanda ke karɓar abin da bai sani ba ne.

Mai neman gyara yau, ya dubi bencin mutum kafin ya saki kyamararsa. A ga akwatin gawa, a ga sukudireba ƙanana waɗanda bakinsu bai cinye ba. Ya tambaye shi soson bayan kyamara da ya narke ya zama kamar kwalta, da me zai maye shi. Ya tambaye shi batir: Yashica Mat-124G an yi ta ne don batir mai zaiba na volt 1.35, wanda aka daina yi, kuma na 1.5 da ke kasuwa yana sa ma'aunin haske ƙarya. In ya ce duk ɗaya ne, a karɓe kyamarar. In an gama aiki, kada a cika kuɗi sai an ɗauki fim guda an wanke an duba shi a haske.