Daga ruga zuwa turke: tarihin saniyar tatsa a gidan manomi a ƙasar Maraɗi

1. Gabatarwa

Wanda ya ratsa ƙauyukan gulbin Maraɗi, ko na Tasawa da Magariya, zai iske a bayan gidaje da dama saniya guda ko biyu ɗaure a turke, maraƙi a gefe, harawa jibge bisa rumfa. Mai kallo zai ɗauka haka abin yake tun kaka da kakanni. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa saniyar gida baƙuwa ce a tsarin noman Bahaushen wannan yanki, kuma abubuwa uku suka kawo ta: ƙarewar daji, fari na 1973 da na 1984, da sauyin hannun da dukiyar shanu ta yi. Za mu duba kuma abin da zuwanta ya jawo tsakanin manomi da makiyayi, da tsakanin mata masu nono.

2. Tsohon rabon aiki

Binciken da Guy Nicolas ya yi a gulbin Maraɗi ya nuna cewa a wajen Anna kowace zuri'a da gadonta: noma, farauta, su, ƙira, da sauransu. Kiwon shanu gadon Fulani ne. Bisashen da aka sani a cikin gida su ne kaji, awaki da tumaki, waɗanda galibi na mata ne, sai jaki, sai dokin mai hali.

Wannan ba ya nufin manomi ba ya mallakar saniya. In ya samu rarar hatsi yakan sayi karsana, amma sai ya danƙa ta amana ga Bafulatanin da ya sani. Ƙa'idar a fili take: ƴaƴan da ta haifa na mai ita ne, nono kuwa na matar makiyayi ne, shi ne ladan kiwo. Bayan girbi garke yakan sauka a gonar manomi ya ci kara, ya kwana nan ya zuba taki, mai gona ya ba da damin hatsi da izinin rijiya. Da hantsi Bafulatana ta shigo gari da ƙwarya, ta musanya nono da man shanu da tsabar hatsi. Furar gidan manomi, wadda ita ce cimakar rana, hatsinta nasa ne, nononta na ruga ne. Ƙwaryar fura ita kanta shaida ce ta yarjejeniyar al'umma biyu.

Akwai dalilin da ya sa abin ya daɗe haka. A ƙarni na 19, bayan sarakunan Katsina sun kafa Maraɗi, na Gobir sun kafa Tsibiri, yaƙi da daular Sakkwato bai yanke ba. Jama'a ta cunkushe cikin gulbi da garuruwa masu ganuwa, jigawa ta zama dajin Allah. Shanu su ne ganimar farko a kowane hari, sabili da haka mai iya gudu da su shi ya dace ya riƙe su. Haraji ma garke ya sani: jangali a kan makiyayi yake, zakkar shanu kuma ba ta hawa sai sun kai talatin. Saniyar talakka guda tana ɓoye cikin garken wani.

3. Bushiya, mulkin mallaka da gujiya

Annobar bushiya ta shigo Afirka ta tashar Masawa a 1887, ta iso tafkin Cadi da ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891. Bafaranshen nan Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano zuwa Kukawa a lokacin, ya ba da labarin irin ɓarnar da ta yi. Garkuna suka ƙare, makiyaya da yawa suka raɓu da ƙauyuka suka kama noma kafin su sake tara dukiya. Cutar ta riƙa dawowa har zuwa babban rigakafin haɗin gwiwa da aka soma a 1962 a Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru. Ta sake ɓullowa a farkon shekarun 1980, kuma sai a 2011 aka bayyana kawar da ita daga duniya. Ga mai saniya guda wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mai shanu hamsin in annoba ta bi zai iya tsira da biyar ya sake iri. Mai guda ɗaya in ta faɗi ya koma inda ya fito. Sai da allura ta rage wannan kasada sannan ajiye saniya a gida ya zama abin da mai hankali zai yi tunani.

Zuwan Faransawa ya kashe hare-hare, mutane suka fantsama cikin jigawa suna saran daji suna kafa ƙauyuka. Harajin da ake biya da kuɗɗi ya tura su noman gujiya, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1930 ya kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 1960, zamanin da kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962, ke riƙe da cinikinta. Kuɗɗin gujiya ya ƙara yawan manoma masu shanu, gonakin gujiya kuma suka cinye makiyayar da shanun za su ci. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa don a kare yankin kiwo, amma gonaki suka ƙetare ta. A kudu, ayyukan Claude Raynaut da abokan aikinsa sun nuna yadda hutun gona ya yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa a shekarun 1970. Garken da aka ba amana dole ya ƙara nisa, kuma da ya yi nisa sai idon mai saniya ya bar kanta, nono kuma ya yi ƙaranci a gari.

4. Fari biyu da sauyin hannu

Farin 1973 ya kashe kusan rabin shanun Nijar. Na 1984, wanda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa sunan El Buhari domin ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ya faɗa wa garkunan da ba su gama farfaɗowa ba. A duka biyun abu guda ya faru a kasuwa: kuɗɗin hatsi ya hau, na bisashe ya faɗi warwas. Makiyayi ya sayar da bijimai, sannan karsana, sannan uwar garke, don ya ciyar da iyali. Masu saye su ne alhazan birni, da ma'aikata, da manoman da rumbunsu bai ƙare ba. Fulani na da hanyarsu ta tayar da wanda ya faɗi, wato habbanaye, inda ake ba mutum aron karsana har ta haihu, a wajen Woɗaaɓe sau uku, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Sai dai habbanaye na buƙatar mai bayarwa, kuma a waɗannan shekaru kowa ya faɗi tare. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin yaɗa iri a Fako, Ibesetan, Bate da Sayam, ban da tsohuwar tashar Tukunus inda ake tace irin Azawak tun shekarun 1950, amma da yawa cikin waɗanda suka rasa garke sun koma kiwon shanun wasu a kan lada.

Amana da ƙwadago ba ɗaya ba ne. Makiyayin da ke da shanunsa, saniyar manomi ƙari ce a garkensa, yana kula da ita kamar tasa. Wanda ba shi da komai sai nonon shanun wani, dole ya matsa tatsa, maraƙi ya rame, zargi ya shiga. Nan ne manomi ya fara tunanin dawo da abarsa gida.

Ya kuma iske ya riga ya koyi aikin. Ƙungiyar bashi da haɗin kai ta UNCC, da aka kafa a 1962, da manyan ayyukan raya karkara na shekarun 1970, irin na Maraɗi da na 3M a Mirya, Matamai da Magariya, sun yaɗa garmar shanu da amalanke. Shanun aiki a gida suke kwana. Da su manomi ya koyi yanka ciyawa, da ajiyar harawa, da ba da dusa da kanwa, da gane alamun ciwo. Kiwon turka don kasuwar Najeriya ya ƙara masa gwaninta. Saniyar tatsa ta bi sawun sa ne zuwa turke. Ƙidayar noma da kiwo ta 2005 zuwa 2007 ta tabbatar da inda aka kwana: kusan kashi biyu bisa uku na bisashen ƙasa suna hannun mazauna wuri guda.

5. Lissafin turke

Ana yi wa saniya kirari da nagge daɗi goma, amma daɗin da tsada yake zuwa. Ma'aunin da ma'aikatan kiwo ke aiki da shi ya ce dabba mai kilo 250 tana buƙatar kilo 6,25 na busasshen abinci a yini. Daga Nuwamba zuwa Yuni, kwana 240 ke nan, wato kilo 1.500, tan ɗaya da rabi, kafin a yi zancen maraƙi. Ruwa kuma lita 25 zuwa 30 a yini lokacin bazara, daga rijiyoyin jigawa masu zurfi, kuma mata da yara ke jan gugan. Abin da take mayarwa lita ɗaya zuwa uku ne a yini gwargwadon lokaci, kuma ba ta sakin nono sai maraƙinta na kusa, don haka mutuwar maraƙi ƙafewar ƙwarya ce. Ba kowace shekara take haihuwa ba. Tsakanin haihuwa da haihuwa yakan kai shekara ɗaya da rabi ko biyu.

Wannan tan ɗaya da rabi shi ne ya sauya fuskar karkara. Karan hatsi da dawa, da a da ake bari a gona ga duk dabbar da ta zo, yanzu ana kwashe shi a ɗaure a killace. Harawar wake da ta gujiya ta zama haja mai farashi da ke hawa a bazara. Ƴaƴan gawo, itacen da ke ganye da rani, wanda ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun ya hana sarewa da hukunci mai tsanani, sun zama abin tsintowa a kai gida; kuma tattalin tohon itatuwa a gonaki, da ya yaɗu daga Maraɗi tun shekarun 1980, ya ƙara wa turke abinci. Taki kuma amalanke ke kai shi gona daga bayan gida.

Ke nan duka ginshiƙan tsohuwar yarjejeniya sun raunana lokaci guda. Makiyayin da ya gangaro bayan girbi yakan iske gona a share, burtali ya ƙuntata, manomi ba ya jiran takinsa. Rigingimun ɓarnar gona sun daɗe, amma da can akwai moriyar juna da ke sa a sasanta. Abin da ya faru a Toda cikin Oktoba 1991, inda aka kashe Fulani fiye da ɗari, akasari mata da yara, yana da dalilai da dama, sai dai ya faru ne a ƙasar da wannan moriya ta riga ta yi rauni. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, da ta kafa kwamitocin filaye, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, da ta amince da haƙƙin makiyayi na yawo da garke, ƙoƙari ne na a rubuta a takarda abin da a da al'ada ke riƙe da shi.

6. Nonon wa?

A ruga amsar a fili take: nono na mace ne, kuɗɗinsa nata ne. A gidan manomi kuwa al'ada ba ta tanadi amsa ba, tunda abin sabo ne. Inda mai gida ya sayi saniyar da hatsin gandu, nonon yakan shiga furar gida, a raba tsakanin ɗakuna. Inda mace ta hau tsani da kanta, daga kaza zuwa jar akuyar Maraɗi, daga awaki zuwa karsana, da amfanin gamanarta ko kuɗɗin sana'arta, saniyar tata ce, kuma takan zama garkuwarta ranar saki ko takaba. Amma abincin saniyar daga gonar miji yake fitowa, kuma gwargwadon yadda gonaki ke ƙanƙancewa haka gamanar mata ke raguwa. Wannan ne ya sa akuya ta ci gaba da zama saniyar matalauciya.

Bafulatana mai tallar nono ta sha matsi ta fuska biyu. Wasu gidajen da take kai wa sun samu nasu, a birni kuma madarar gari ta ƙasashen waje ta mamaye kasuwa, har masana'antar madara ta Yamai da ita ta fi dogara. Karya darajar sefa a Janairu 1994 ya ninka kuɗɗin kayan waje, ya ba nonon gida ɗan sarari, kuma daga baya aka buɗe wuraren tara madara kusa da Yamai, kamar Hamdallaye da Kollo. A irin waɗannan wurare, da madara ta zama hajar da ake auna wa da lita a biya da kuɗɗi, sau da yawa maza ke kai ta, kuma su ke karɓar kuɗɗin.

7. Kammalawa

Saniyar turke ta kawo wa gidan manomi nono ga yara, taki ga gona, da ajiyar da za a sayar ranar buƙata. Ta yi haka ne da kara da harawar da a da rabon makiyayi ne, da nonon da a da rabon matarsa ne. Duk da haka turke bai yaye kansa daga ruga ba. Karsanar da manomi ke saye a kasuwar Dakoro ko Tanut a garken makiyayi aka haife ta. Irin Azawak da ake yabo aikin makiyayan arewa ne na ɗaruruwan shekaru. Mai saniya guda ba ya iya ajiye bijimi. Kuma da damina, in gonaki sun rufe ko'ina, saniyar gida da yawa sukan koma hannun makiyayi har a yi girbi. Don haka duk shirin bunƙasa madara da ya raba wa manoma karsana ya manta da burtali da mashaya, yana sare tushen da karsanar ke fitowa. Ya kamata masu nazarin noma da masu nazarin kiwo a sashenmu su ɗauki turke da ruga a matsayin tsari guda, su yi musu lissafi guda.