Kartar Da Masu Kuɗi Suka So Ɓatawa

'Yar'uwa, na san da an ce karta sai gabanki ya faɗi, don mun ga gidajen da ta kashe. To wannan ma da caca ta faro.

A 1993 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering. Nan ba a raba wa mutum kati, kowa shi zai saya, ya zaɓa, ya haɗa daminsa. Kafin wasa kowa ya ajiye kati ɗaya, wanda ya yi nasara ya kwashe.

Shi Garfield ya zaci ba mai zuba kuɗi a kan takarda. Ashe bai san maza ba! Masu hali suka dinga cika dami da kati mai ƙarfi iri ɗaya, talaka bai gama zama ba an cinye shi.

A 1994 aka kafa dokar gasa: kati 60 aƙalla, iri ɗaya kada ya wuce 4, ban da katunan ƙasa na yau da kullum, kuma ba caca. Dokar ta burge ni wallahi, dole mutum ya auna komai kamar mai haɗa miya.

Kuɗin dai ba su haƙura ba. A 2024 an sayar da katin Black Lotus ƙwaya ɗaya dala miliyan 3.