Takardar Inshorar Mota: Daga Dubu 5 Zuwa Dubu 15

Mu da muka daɗe muna sayar da inshorar mota a Wulari cikin Maiduguri mun san yawancin masu zuwa wurinmu tsoron shingen 'yan sanda ne ke kawo su. Asalin dokar kuwa tsoho ne. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a 1945, cewa duk mai ɗora mota a titi sai ya yanki ƙaramar inshora, wadda za ta biya wanda ya buge. A lokacin kasuwar tana hannun kamfanonin Ingila, sai a 1969 gwamnati ta kafa nata kamfanin, NICON. Hukumar da ke sa mana ido, NAICOM, ta zo a 1997, kuma bayan an tilasta ƙarin jari a 2007 kamfanoni suka ragu daga sama da 100 zuwa 49.

Shekara da shekaru kuɗin ƙaramar inshora yana tsaye a naira 5,000. A nan ɓarnar ta samu gindin zama. 'Yan kamasho da ke shawagi a bakin ofisoshin lasin sukan buga takarda mai tambari da hatimi, su haɗa ta cikin takardun mota a farashi mai rahusa, alhali babu kamfanin da ya san da ita. Ranar da aka yi karo, mai mota ya zo mana yana huci, mu shigar da lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na NIID, allon kwamfuta ya nuna babu komai. Wannan kallon da yake yi wa takardar a hannunsa, har yau yana ci mini rai.

Daga 1 ga Janairu 2023 NAICOM ta mayar da kuɗin naira 15,000 ga motar gida, diyyar dukiya ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar kaya dubu 100, Keke Napep dubu 5, kuma kowa ya san tun da aka hana babur a Maiduguri a 2011 keken nan ne ƙafar gari. Jama'a sun yi kuka, kukansu da dalili, domin a shekarar aka cire tallafin fetur, naira ta faɗi. Amma ni ina ganin ƙarin ya zama dole: miliyan ɗaya ba ta gyara gaban mota mai kyau a yau.

Abin da ya fi ƙona mini zuciya ambaliyar madatsar ruwan Alau ce ta Satumba 2024. Motoci sun kwana cikin ruwa da laka, masu su suka zo da takardunsu, muka ce musu ƙaramar inshora ba ta biyan motar mai ita. Sai cikakkiya, wadda hukuma ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Da yawansu ranar suka fara jin wannan bayani, kuma laifinmu ne masu sayarwa.

Tun 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta bincike. To, a tsananta wa kamfanin da ke jan ƙafa wajen biyan diyya kamar yadda ake tsananta wa direba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gargajiya ba, akwai takaful, wato inshorar Musulunci. Kai kuma mai mota, kafin ka bar wurin da ka biya kuɗi, ka sa a duba lambar motarka a NIID a gabanka.