Zumuncin 'Yan Makaranta a Ƙasar Gaya da Ajingi: Asalinsa da Haƙƙin da Ke Kansa

Gabatarwa

Idan ana maganar zumunci a ƙasar Hausa, abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne dangantakar jini da ta aure da ta maƙwabtaka. To amma tun daga tsakiyar ƙarni na 20 wani sabon reshe ya tsiro a jikin wannan tsohuwar bishiya, wato zumuncin waɗanda suka yi makarantar sakandare tare. A ƙasar Gaya da Ajingi wannan reshe ya yi ƙarfi har ya kai ga a wajen ɗaurin aure ko jana'iza akan keɓe wa 'yan ajin mutum tabarmarsu, kamar yadda akan keɓe wa surukai. Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda suka taso a wannan zumunci, na kuma shafe shekarun aikina na gwamnati ina ganin amfaninsa da kuma inda ya gaza. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa makarantar kwana ta ƙulla wa garuruwanmu wani dangi na biyu, kuma wannan dangi akwai bashin makarantar a kansa wanda har yanzu bai gama biya ba.

Ƙasar da mutanenta

Gaya tana gabas da birnin Kano, ana isa gare ta ta hanyar Wudil, kuma tana cikin tsofaffin garuruwan ƙasar Kano. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala don neman tama daga Gaya suka fito, su ne ake kira Abagayawa. A lokacin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 Gaya na cikin ƙananan hukumomi 20 na tsohuwar Jihar Kano. Daga baya ne aka ba Ajingi tata ƙaramar hukumar, a jerin sauye-sauyen da suka kai Jihar Kano ga ƙananan hukumomi 44 a 1996. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya kimanin mutum 201,000, Ajingi kuwa kimanin 174,000. A 2019 an ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 aka soke dokar da ta yi hakan, sannan a watan Yulin wannan shekara aka sake kafa ta a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu.

Na kawo wannan bayani ne don mai karatu ya lura cewa iyakokin mulki sun yi ta sauyawa, amma mutanen Kademi da Shagogo da Gamarya da na Toranke da Balare da Gafasa suna nan a haɗe ta fuskar kasuwa da auratayya da noma. A kan wannan haɗuwa ce zumuncin makaranta ya zo ya zauna.

Zumuncin da boko ya tarar

Kafin zuwan boko, yaro a ƙasarmu ya san rukuninsa tun yana ƙarami. Akwai waɗanda aka yi musu kaciya tare suka yi jinya a zaure ɗaya, akwai waɗanda suka zauna gaban malami ɗaya a makarantar allo, akwai kuma sa'annin da ke fita gayya tare idan damina ta kankama, yau a gonar wannan gobe a ta surukin wancan. Idan ɗayansu zai yi aure, a cikinsu ake samun babban aboki, su ne kuma ke haɗa masa gudummawa. Mata ma suna da nasu tsarin na ƙawance da biki da adashi, inda abin da kika kai wa ƙawarki ranar sunanta za ta mayar miki da ƙari ranar naki.

Sai dai wannan zumunci yana da iyaka, domin da wuya ya wuce unguwa ko ƙauye. Yaron Kunkurawa bai da dalilin sanin sa'ansa na Kademi, in ba kasuwa ta haɗa iyayensu ba. Abin da makarantar kwana ta yi shi ne ta ɗauki wannan tsohuwar ɗabi'a ta sa'anni ta faɗaɗa ta, ta haɗa yaran da ba su da zaure ɗaya ko malami ɗaya.

Shigowar boko da makarantun kwana

Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Kano ita ce wadda Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, ta biyo baya a 1927. A wancan zamani ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni ake ɗaukar yara, kuma iyaye da yawa suna ɓoye 'ya'yansu saboda tsoron kada boko ya raba su da addini da gona. Saboda haka 'yan kaɗan ne daga gundumomin karkara suka kai ga midil.

Al'amari ya sauya bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan ya ƙara bunƙasa da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976. A zamaninmu, yaron da ya ci jarrabawar shiga sakandare daga wannan yanki yakan bar gida ne ya tafi inda aka tura shi, wasu Kano, wasu Birnin Kudu, wasu Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin abinci da kayan makaranta da littattafai. A 1977 Jihar Kano ta fara makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma daga baya Gaya ta sami tata, wato Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule. Ajingi ma ta sami sakandaren gwamnati ta kwana, Albasu kuma kwalejin Larabci ta 'yan mata. Da haka yankin da a da yake aika 'ya'yansa waje ya koma yana karɓar 'ya'yan wasu.

Yadda aji ya zama dangi

Wanda bai yi makarantar kwana ba zai yi mamakin ƙarfin wannan zumunci, amma dalilinsa a fili yake. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 da aka raba da gida, ba shi da kowa sai na kusa da gadonsa. Tare ake cin gabza, tare ake jiƙa kwaki da ƙuli-ƙuli idan abincin bai isa ba, tare ake shan horon manyan ɗalibai, kuma idan zazzaɓi ya kwantar da kai, shi ne mai ɗebo maka ruwa. Yaran gari ɗaya kan nemi juna tun daga tashar mota, babba ya riƙe ƙarami a matsayin ƙane. Idan mahaifin ɗaya ya zo ziyara da ƙunshin fura ko dakakken yaji, ya san ba na ɗansa kaɗai ba ne. Shekara biyar a irin wannan zama ta isa ta mayar da baƙo ɗan'uwa.

Daga nan sai zumuncin ya shiga cikin gidaje. Lokacin hutu aboki kan bi abokinsa garinsu, uwar wannan ta zama uwar wancan, har ta riƙa kiransa ɗana. Na san gidaje da dama tsakanin Gaya da Ajingi waɗanda asalin auratayyarsu shi ne wani ya bi ɗan ajinsa hutu ya ga ƙanwarsa. Yau 'ya'yan waɗannan gidaje taubasai ne, kuma da yawansu ba su san cewa ɗakin kwanan makaranta ne ya haɗa iyayensu ba. Haka nan akan sa wa ɗa sunan abokin makaranta, akan wakilta shi ya karɓi auren 'ya, akan kuma bar masa wasiyyar marayu.

A nan ne bambanci yake tsakanin zumuncin ƙaramin gari da irin na manyan makarantu. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa, wadda asalinta ya koma ƙarshen shekarun 1930 lokacin da kwalejin take Kaduna, ta tara mutane daga lardunan Arewa daban-daban, ta kuma fitar da shugabanni irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Shehu Shagari. Ƙarfinta yana cikin manyan muƙamai. Namu kuwa ƙarfinsa yana cikin kusanci. Ɗan ajinka a nan shi ne surukinka, shi ne malamin ɗanka, shi ne ma'aikacin asibitin da za ka kai matarka, kuma gonarsa tana iyaka da taka. Ba ka da inda za ka ɓuya masa, shi ma haka.

Wannan kusanci ya yi wa jama'a rana. Lokacin da muka kama aiki a Kano, gidan duk wanda ya riga samun ɗaki ya zama masaukin 'yan garinmu, masu jinya da masu neman aiki da ɗaliban da suka zo jarrabawa. Da tattalin arziki ya tsananta bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, albashi ya daina kai wata, adashin 'yan aji ne ya riƙe gidaje da yawa. Haka kuma da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano a watan Agustan 1991, abokanmu na Dutse da Jahun da Ringim suka koma sabuwar jiharsu da aiki, amma iyakar ba ta hana kowa zuwa suna ko ta'aziyya ba. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma 'yan makaranta sun riƙe wannan magana.

Inda zumuncin ya gaza

Gaskiya ɗaya ce, wannan zumunci yana da nasa raunin. Na farko, ya fi amfanar 'yan cikinsa. A shekarun aikina na sha ganin an fifita ɗan aji a kan wanda ya fi shi cancanta wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma, ana kiran abin taimakon ɗan'uwa. Yaron da mahaifinsa bai shiga aji ba, ba shi da mai ɗaga masa waya. Ta haka sai tazarar da ke tsakanin gidajen da suka riga shiga boko da waɗanda suka makara ta ƙara faɗi.

Na biyu, mata ba su sami rabonsu yadda ya kamata ba. 'Yan matan da suka kai sakandare a zamaninmu ba su da yawa, da dama an cire su an yi musu aure kafin su kammala, aure kuma ya warwatsa su garuruwa. Waɗanda suka dage sun riƙe zumuncinsu ta hanyar biki da suna, kuma su ne suka zama malamai da ungozomomin asibitocinmu, amma ba a cika jin muryarsu a tarukan da ake yanke shawara ba.

Na uku, siyasa kan shiga tsakani. Yankin nan ya fitar da gwamna, wato Kabiru Ibrahim Gaya, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1992 zuwa 1993, ya kuma fitar da 'yan majalisa da manyan ma'aikata. Wannan abin alfahari ne. Sai dai a duk kakar zaɓe akan sami 'yan aji ɗaya da suka daina gaisawa saboda bambancin jam'iyya, taron zumunci ya koma wurin neman ƙuri'a.

Na huɗu, wanda ya fi damuna, shi ne makarantar da ta haifi zumuncin ita ce ta fi kowa ƙarancin rabo a cikinsa. Abin da ake kashewa a walimar cikar shekara 30 ko 40 da kammala karatu, da ɗinkin anko da buga kalanda, da yawa daga ciki zai iya gyara rufin aji ko ya biya wa marayu kuɗin jarrabawa.

Halin da ake ciki

A watan Fabrairun 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe ta Jihar Zamfara, gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe makarantun kwana 10 da ke wajen birni, kuma a cikinsu akwai Sakandaren Gwamnati ta Ajingi da Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya da kwalejin 'yan mata ta Albasu. Wannan ya nuna cewa zaman kwana, wanda shi ne tushen duk abin da na bayyana, ba abu ne mai tabbas ba. A watan Yunin 2024 kuma gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, abin da ke nuna cewa ita kanta ta yarda makarantu na cikin mawuyacin hali. Yawancin yaranmu a yau makarantar jeka-ka-dawo suke yi, suna kuma haɗuwa da tsofaffin abokansu a zaurukan WhatsApp. Wayar ta sauƙaƙa sanarwar rasuwa da tara gudummawa, amma ba ta maye gurbin zuwa da ƙafa ba.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana dattawa ita ce kowane aji ya ware wani kaso na abin da yake tarawa don makarantar da ya fito da kuma firamaren ƙauyensa, a damƙa shi ga amintattu, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. A kuma buɗe ƙofar taimako ga yaron da ba ɗan kowa ba, a jawo mata cikin shawara. Malamai kuwa, a hannunku rajistar ɗalibai da littafin tarihin makaranta da tsofaffin hotuna suke. Ku adana su daga gara da ɗigar ruwa, domin da su ne za a rubuta tarihin garuruwan nan nan gaba. Ku kuma gayyaci tsofaffin ɗalibai su zo su zauna da yara, su ga manomin ƙauyensu da ya zama likita ko injiniya da idonsu. Mu da aka ciyar aka tufatar aka koyar da mu da dukiyar talakawa, haƙƙi ne a kanmu mu mayar da wani abu ga jikokin waɗannan talakawa tun muna da sauran ƙarfi. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.