Shergar: Zakaran Tseren Dawaki Da Aka Sace Domin Kuɗin Fansa

Shergar dokin tsere ne da aka haifa a ƙasar Ireland a watan Maris na 1978. Mallakar Aga Khan na Huɗu ne, shugaban mabiya Isma'iliyya a wancan lokacin, kuma Michael Stoute ne ya horar da shi a garin Newmarket na Ingila.

Sau takwas kacal ya shiga tsere, ya yi nasara a shida. A 1980 ya lashe tserensa na farko, ya zo na biyu a wanda ya biyo baya. A 1981 ne tauraronsa ya haska, lokacin da ya lashe gasar Epsom Derby da tazarar tsayin doki goma, tazara mafi girma a tarihin gasar. Mahayinsa, Walter Swinburn, yana da shekara 19 a lokacin. Daga nan ya ɗauki kofin Irish Derby da na King George VI and Queen Elizabeth Stakes. Bayan ya zo na huɗu a gasar St Leger, aka janye shi daga fagen tsere.

Aga Khan ya raba mallakar dokin zuwa hannun jari 40, kowanne fam 250,000, wato darajarsa ta kai fam miliyan 10. Ya riƙe shida, ya sayar da sauran, aka mayar da ingarman gonar Ballymany da ke gundumar Kildare a Ireland domin barbara.

A daren 8 ga Fabrairu 1983, 'yan bindiga masu rufe fuska suka kutsa gonar, suka yi awon gaba da shi, suka nemi fam miliyan biyu. Sai dai dokin ba na mutum ɗaya ba ne a lokacin, kuma masu hannun jarin sun ƙi biya, gudun kada satar dawaki ta zama sana'a. Bayan kwana huɗu masu garkuwar suka katse tattaunawa.

Daga baya Sean O'Callaghan, tsohon ɗan ƙungiyar IRA mai fafutukar kawar da mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, wanda ya koma ɗan leƙen asirin 'yan sanda, ya ce ƙungiyar ce ta sace dokin domin samun kuɗin makamai, kuma aka harbe shi da ya gagari masu tsaronsa. IRA ba ta taɓa ɗaukar alhaki ba. Har yau ba a ga gawarsa ba, ba a kuma gurfanar da kowa gaban kotu ba.